Farin kambas a ƙurar Zariya: buroshi, hoda, sifirit ko fenti?

Duk wanda ya taɓa sa farin kambas ya hau acaɓa daga Samaru zuwa Sabon Gari a watan Janairu ya san fari ba ya kwana a garin nan. Kafin ka wuce Kwangila takalmin ya fara komawa launin kunun kanwa. Idan kuwa ranar hawan Daushe ce ka kutsa cikin jama'a a Ƙofar Fada, to sai dai haƙuri. Abin da kowa ke yi kuma shi ne ya jawo bokiti da garin sabulu. Haka ƙanena ya yi wa nasa da ya daɗe yana tara kuɗi kafin ya saya a gwanjo: ya jiƙa shi tun safe, ya dirje, ya kifa a kan katanga. Da la'asar sai ga shi riƙe da takalmin, gefe da gefe duk zanen rawaya kamar taswira, bakin tafin kuma ya fara dariya.

"Yaya, don Allah me na yi masa?"

Na ce wanka ka yi masa, shi kuwa ba ya so.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Jar ƙasarmu ta sami launinta ne daga sinadarin ƙarfe da ke cikinta, dangin tsatsa. Muddin ƙurar a bushe take, a bisa zare take zaune, ana iya kakkaɓe ta. Da ruwa ya taɓa ta sai ta koma kamar rini, ta nutse cikin zaren. Sa'annan idan an shanya takalmin, ruwan da soson ciki ya sha ta jikin yadin yake fitowa, yana tafe da ragowar sabulu da dattin ciki. Ruwan ya bi iska, su kuma ya bar su a sama. Taswirar ke nan. Wasu rijiyoyin ma ruwansu da kansa yana da ƙarfe, yana barin ja-ja a farin kaya. Ga gam ɗin da ya riƙe tafin, wanda jiƙo da zafin rana suke sassauta shi, musamman takalmin gwanjo da ya riga ya sha duniya kafin ya iso hannunka. Da damina kuma, a watan Agusta, kambas ɗin da aka wanke sai ya kwana biyu ko uku bai bushe ba, ya tashi da wari da fumfuna. Ban ma kawo maganar kuɗin jarka a wurin ƴan garuwa ba.

Shi ya sa hanyoyin da zan kawo a nan na tsaftace farin kambas ne ba da ruwa ba. In na ce ba ruwa, ina nufin ba jiƙawa, ba ɗauraya, ba shanya. Wasu daga cikin abubuwan da zan ambata akwai ɗan ruwa a haɗinsu, amma bai kai ya ratsa takalmin ba.

Kafin ka sayi komai, juya takalminka ka duba da me aka yi shi, domin abin da ya gyara wani shi ke kashe wani. Akwai na fata mai sulɓi, irin samfurin Air Force 1 da kamfanin Nike ya fitar a 1982, wanda har yau samarin Kongo da Gyallesu ba su gaji da shi ba. Da yawa daga cikin waɗanda ke kasuwa ba fata ba ce, roba ce aka shimfiɗa a kan yadi, ita ce ke ɓarewa kamar bawon albasa idan ta tsufa. Akwai na yadin auduga, ainihin kambas ɗin da ya ba sauran suna, irin All Star na Converse da ya fito tun 1917, da farin takalmin ƴan bautar ƙasa. Akwai na raga, mai ƙananan huji, na masu motsa jiki. Sai kuma mai fata mai gashi-gashi, wanda ya fi kowa raki. Dattin shi ma iri-iri ne: ƙura daban, maiƙo daban, baƙin zanen gogayya daban, rawayar tsufa daban.

Buroshi da kilina

Da za a ce in zaɓi abu guda in bar sauran, buroshi zan ɗauka ban yi shawara da kowa ba. Ba don arha kawai ba, sai don babu irin takalmin da bai karɓe shi ba, kuma duk sauran hanyoyin ba sa aiki sai ya riga su wucewa. Wanda ya shafa makilin ko kumfa a kan ƙura bai yi komai ba illa kwaɓa taɓo da hannunsa.

Buroshi biyu ake so: mai laushi na jikin takalmi, da tsohon buroshin goge baki na lunguna da bakin tafi. Zare igiyar, ka cusa takarda a ciki har takalmin ya miƙe ya yi tauri, ka haɗa tafi da tafi ka bubbuga a waje, sa'annan ka riƙa sharewa daga sama zuwa ƙasa, ta fuska guda, kamar mai share tabarma. Kada ka dirje da ƙarfi kana kai da komowa, tura ƙurar ciki kake yi. A kan na raga, buroshi mai tauri yana tayar da zare ya bar shi buzu-buzu, kuma wannan ba ya gyaruwa. Idan taɓo ne ka taka da damina, to ka danne zuciyarka ka bar shi ya bushe ƙayau tukuna, washegari zai ɓanɓaro da kansa.

Inda buroshi ya gaza: ba ya cire maiƙo, ba ya taɓa baƙin zane, kuma ƙurar da ta yi mako uku tana shan zufa ta fi ƙarfinsa. Aikin kullum ne, minti biyu da ka dawo gida, ba na ranar da za ka ɗaurin aure ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kilinar ƴan makaranta, farar nan mai taushi ta goge fensir, ita ce ta biyu a wurina, kuma mutane ba su san darajarta ba. Baƙin zanen da fedar acaɓa ko bakin matakala ke bari a farin gefen tafi, sau da yawa ita kaɗai ta ishe shi. A kan fata mai gashi-gashi kuwa kusan ita da buroshi ne kaɗai abin da zan yarda a kusantar. Amma fara tas za ka nema. Mai launi biyu, ja da shuɗi, tana barin launinta, ɓangaren shuɗin kuma akwai yashi-yashi a ciki don kankare tawada aka yi shi.

Tana da babbar yaya: farin soson nan mara nauyi da ake sayarwa a manyan kantuna don goge bango da tayil. Da robar melamin ake yin sa, kuma ba sinadari ne ke aikin ba, kankara yake yi kamar sanfefa mai laushin gaske. A gefen tafi ya fi kilina nesa ba kusa ba, yana fito da farin roba kamar sabuwa. Sai dai yana son a ɗan ɗiga masa ruwa a matse, yana ƙarewa da wuri kamar sabulun otal, kuma idan ka kai shi kan fata mai sheƙi zai dusashe ta, ya cinye fentin sama. Nawa hukuncin: soso na tafi ne kaɗai, kilina ta ko'ina ce.

Hoda iri-iri

Nan ne aka fi ruɗewa, don duk farin gari a ido ɗaya ne, aikinsu kuwa ba ɗaya ba.

Idan maiƙo ne, kamar manja daga kwanon ƙosai ko romon tsire ya ɗiga, garin sitaci ko hodar jarirai ake so. A danna tsumma a tsotse abin da za a iya, kada a goga, sa'annan a tula garin a wurin ya kwana, da safe a kakkaɓe. Garin yana jawo man ne a hankali. Sabon tabo yakan fita a karo ɗaya ko biyu, wanda ya kwana bakwai kuwa sai dai ya ragu. Baƙin man inji ya fi manja taurin kai, don bayan maiƙon akwai baƙin da ke cikinsa, hoda za ta ɗauke man ta bar maka inuwa.

Bekin soda, wanda ake samu wurin masu sayar da kayan kek a kasuwar Sabon Gari, gwanintarsa a wari take. Cokali guda a cikin kowace ƙafa da dare, a zazzage da safe, yana kashe tsamin zufa. A kula, ba shi ne bekin foda ba. Wancan haɗi ne da sitaci da wani sinadari mai tsami, na kumbura fulawa. A busasshensa bekin soda yana ɗan taimaka wa buroshi a kan yadin auduga, amma farin da ake zuzutawa a bidiyon intanet sai an kwaɓa shi da ruwa ya bushe a jikin takalmin, kuma ko shi ɗin bai kai yadda ake nunawa ba. A kan fata ta gaske kada a bar shi ya daɗe, yana busar da ita.

Wani zai ce ai kanwa ƴar'uwarsa ce, kuma ga ta a kowane gida. Gaskiya ne suna da dangantaka, amma kanwa ta fi shi kaifi, ga ƙasa da yashi a cikinta, ja ce ko ungurnu. A bar ta a kunu.

Sai alli. Duk wanda ya yi firamare ya san daren jajibirin fareti, ana zaune ana goga wa kambas guntun allin da aka tsinto a aji. Yana aiki, kuma har gobe yana aiki a kan yadin auduga: cikin minti biyar takalmi ya yi fari fat. Amma alli ba ya cire komai, lulluɓewa yake yi. Yana bin ƙafar wando, baƙin wando ya shiga uku, kuma yayyafi kaɗan ya mai da shi dabbare-dabbare. Na fita kunyar yini guda ne. A kan fata ko roba ma ba ya zama sam.

Makilin ya fi kowa suna a wannan fage, ni kuwa ina ganin an ba shi fiye da haƙƙinsa. Akwai ɗan gari mai kankara a cikinsa, wanda ke goge haƙori, shi ne ke goge roba. Don haka a gefen tafi da kan fata mai sulɓi yana yi: ɗan kaɗan a tsohon buroshi, a murza, a share da tsumma tun bai bushe ba. Fari za a nema, ba jan nan ko shuɗi mai kama da alawa ba. A kan yadi da raga kuwa kuskure ne babba, domin yana shiga hujin zaren, kuma ba ya fita sai da ɗauraya, abin da muke gudu ke nan tun farko. Abin da ya maƙale ya bushe ya yi danƙo, ƙurar gobe ta sami wurin zama. An gudu ba a tsira ba.

Masu tashi sama

Sifirit na kemis shi ne wanka na gaskiya ba da ruwa ba, don yana narkar da datti kuma ya bi iska nan take. A digiri 78 na ma'aunin zafi yake tafasa, ruwa kuwa sai 100, shi ya sa kafin ka gama ƙafa ta biyu ta farko ta bushe, balle a iskar hunturu. A kan fata mai sulɓi, fatar roba da gefen tafi, auduga da ɗan sifirit na ɗauke dattin hannu, tawadar biro da danƙon da ƙura ta manne a kai. A nemi marar launi, don akwai wanda ake rina shi. A fara gwadawa a harshen takalmin inda ido ba ya kaiwa, a shafa sau ɗaya a wuce, kada a tsaya ana dirza wuri guda. Yana busar da fata ta gaske, saboda haka bayan an gama a ɗan shafa man takalmi marar launi. A yadi yakan bar da'ira, kamar yadda turare ke yi wa farar shadda. Kuma wuta yake kamawa, a yi nesa da risho da gawayi.

Sanitaiza da ta cika gidaje lokacin zuwan korona a 2020 ba madadinsa ba ce sosai, don yawanci akwai abin laushin hannu a ciki da ke barin danƙo.

Ruwan goge jan farce ya fi sifirit ƙarfi ƙwarai. Asiton ne a cikin yawancinsa, mai tafasa tun a ma'auni 56. Baƙin zanen da ya gagari kilina da soso a kan roba zalla, shi yana share shi cikin daƙiƙa. Amma yana narkar da fenti, yana cin fatar roba, yana sassauta gam. Ɗigo guda ya zame daga tafi zuwa jikin takalmi ya isa ya bar tabon da ba mai gyara shi. Garin gyaran gira a rasa ido. In dole ne, a yi da tsinken auduga na goge kunne, a tsaya a kan roba. Fetur da kalanzir kuwa, da wasu ke rantsuwa da su, suna kumbura roba, suna barin maiƙo da warin da zai bi ka har sahun masallaci. Ba na ba kowa shawararsu.

Akwai kuma kumfar gwangwani, wadda aka yi don takalmi da wadda masu wankin mota ke fesa wa kujeru. Ita ce kaɗai a jerin nan da ke iya yi wa raga da yadi wankin da ya wuce na buroshi, domin kumfa tana ɗago datti sama ba tare da ta jiƙa soson ciki ba. A fesa a kan buroshi, ba a kan takalmi ba, a murza, a danne da farin tsumma busasshe har sai ya daina ɗaukar launi. Aibinta biyu: ta fi duk sauran tsada, kuma sabulu ce, in an yi ganganci an bar ragowarta, taswirar ƙanena za ta dawo, ƙarama dai. Wayif na jarirai ɗan'uwanta ne na tafiya, ya dace da fata da roba idan ka sauka daga mota za ka shiga ofis, amma a kan yadi baza dattin yake yi.

Fenti, da rawayar da ba datti ba

Farin ruwan nan mai soso a baki, wanda ƴan bautar ƙasa suka sani sarai, alli ne da ya yi karatu. Farin sinadarin da ke cikin fentin ɗaki shi ne a cikinsa, da ɗan abin da zai riƙe shi. Ya fi alli daɗewa, ba ya bin wando in ya bushe, kuma shi kaɗai ne ke rufe wurin da fata ta goge har launin da ke ƙarƙashi ya fito. Amma rufi ne shi ma. Wanda ya shafa shi a kan datti, ya ƙara wani a kan wancan mako bayan mako, zai wayi gari da takalmi mai ɓawo, yana tsagewa a inda yatsu ke lanƙwasawa kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa aka bar wa damina. A share tukuna, a shafa siriri, a bari ya bushe, in da buƙata a ƙara siriri. A kan raga yana toshe huji ya sandarar da ita. A kan fata mai gashi-gashi kuwa kashe ta ne.

Rawayar da tafin roba ke yi idan ya tsufa ba datti ba ce, robar ce da kanta ta sauya saboda iska da hasken rana. Ko ka kwana kana gurza ba za ta fita ba. Abin da ke mai da ita baya shi ne haidirojin: na wanke ciwo a kemis mai ƙarfin kashi 3 ko 6 cikin ɗari, ko mai kauri da masu gyaran gashi ke haɗa rini da shi, wanda ke kaiwa kashi 12. Ana shafa shi a robar kaɗai, da safar hannu, a rufe da farar leda, a ajiye a rana. A nan sai a yi hattara da ranar Zariya ta watan Maris da Afrilu, wadda za ta iya sakin gam kafin ta gyara launi. Hantsi ya fi, na ɗan lokaci, a lulluɓe jikin takalmin da tsumma, a maimaita gobe. Kuma rawayar takan dawo bayan wasu watanni. Bilic ba ya wannan aikin. A kan raga da roba shi ne ma ke jawo rawayar.

To wanne za ka saya? Ɗalibin da ke taka ƙasa kullum daga ɗakinsa a Samaru zuwa aji da takalmin fata ko fatar roba, buroshi biyu, kilina da ƙaramar kwalbar sifirit sun ishe shi zango guda, kuma duka ba su kai kuɗin gwangwanin kumfa ɗaya ba. Mai kambas na yadi ya riƙe buroshi da sitaci, ya ajiye fenti don ranar fareti ko biki. Mai na raga ya daure ya sayi kumfa, don babu wata hanyar kirki, ko kuma ya yi wa kansa adalci ya daina sayen farar raga a garin da hunturu ke wata uku zuwa huɗu. Mai fata mai gashi-gashi, buroshi da kilina, sai addu'a.

Idan kuma ka fi son ka miƙa wa mai shushaina, babu laifi, da yawansu sun fi mu sanin fata, kuma in tafi ya buɗe suna da gam da zare. Amma ka tafi da naka buroshin. Nasa ya wuni yana cin baƙin mai da ja a kan sau-cikin ma'aikata, shafa guda zai yi wa farin takalminka ka dawo da toka-toka. Ka ce masa, "Malam, ga nawa, yi da wannan," ba zai ji haushi ba.

Igiya ce kaɗai na yarda a kai ta ga ruwa. Zare ta, ka wanke a kofi guda da ɗan sabulu, ka shanya a inuwa. In ta riga ta yi baƙi a inda take shiga huji, sabuwa ba ta da tsada a wurin masu kayan takalmi, kuma za ka yi mamakin yadda farar igiya ke ɗaga tsohon takalmi. Na ƙanena dai taswirar ba ta fita duka ba. Mun kai an manne masa tafin, muka bi yadin da fenti siriri sau biyu, muka sa sabuwar igiya. Yanzu a cikin jakar leda yake kwana a ƙarƙashin gado, da takarda cushe a ciki, buroshin kuma yana rataye a ƙusa a bakin ƙofa.